Sharaɗin Gurun Savuth

Rigar da suka raba mana ruwan ɗorawa ce, da wani rubutun Turanci a gadon baya wanda har yau ban tambayi ma'anarsa ba. Sunanmu 'yan sa-kai. Kusan dukkansu ɗaliban jami'a ne masu fararen takalma, kowa da waya a hannu, sai ni kaɗai mai furfura a cikinsu, direban adaidaita sahu da ya bar makaranta tun bai iya rubuta sunan ubansa ba. Pu Kheng suke kirana, wai ni kawunsu ne, amma in ana neman mai ɗaukar katan ɗin ruwa, kawun nan nasu ake fara dubawa.

Ban shiga aikin don son wasa ba. Yayata Yim ce ta tsare ni a ƙofar gida, ta ce mijinta zai buga wa ƙasa ƙwallo, kuma ba ta yarda wani mai danna waya ya tura masa keken guragunsa ba. Gasar ta tsofaffin sojoji ce da yaƙi ya naƙasa, aka kawo ta nan Siem Reap. An zo daga ƙasashe da dama. Akwai Turawa masu ƙafar ƙarfe mai sheƙi wadda har caji ake yi mata kamar waya, akwai 'yan Kolombiya, da wasu da ban riƙe sunan ƙasarsu ba. Namu kuwa ƙafar roba ce, wata ma an ɗaure ta da tsohuwar robar taya. Mijin yayar tawa, Bong Savuth (Bong muke ce wa duk wanda ya girme mu), ko ta robar ba shi da ita. Nakiya ta cinye masa duka biyun tun daga cinya, a dajin bakin iyakar Tailan, lokacin da ake gwabzawa da 'yan tawayen Khmer Rouge. Ƙwallon raga ta zaune yake bugawa, wadda ake jan gindi a ƙasa, kuma a wannan ba zan rage masa komai ba. In ya doka, sai ka ji tausayin ƙwallon.

Matsalarsa ɗaya ce, gurun da ke ƙugunsa. Igiya ce da layun dalma a jere, wani tsohon boka ya ɗaura masa kafin ya tafi daji, kuma tun ranar bai kwance ta ba, ko da zai yi wanka. A wurinsa gurun ne ya hana shi mutuwa, don su uku nakiyar ta tashi da su, shi kaɗai aka kwaso da rai. Ni kuma na sha gaya masa cewa gurun da ya tsare ƙugu ya bar ƙafafu rabin aiki ya yi. Ba ya dariya. Gurun yana da tranam ɗinsa, sharaɗin da in ka karya ƙarfinsa ya tashi, kai ma ka bi shi. Kada ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, kada kuma mace ta kasance a saman kansa. Shi ya sa ya ƙi otal ɗin da aka sauki 'yan wasa, don bene ne, bai san wace ce ke kwance a ɗakin da ke samansa ba. Da safe in je ƙauye in ɗauko shi, da yamma in mayar da shi.

Wasannin farko babu damuwa, don a tsohuwar rumfar wasa aka buga su, kwano a sama, iska ta ko'ina. Aikina in kai shi bakin fili, ya dafa ƙasa ya sauka da kansa, sannan in zauna gadin ƙafafun sauran, saboda in za su shiga kowa sai ya cire tasa. Ɗaliban sun so su jera su a saman wata kanta don a yi musu hoto, na kore su. Ƙafa ƙafa ce ko ta roba ce, ba a ɗora ta inda za ta fi kan mutum tsawo.

Abin da ya fi ci mini rai masu kyamara ne. Ba ƙwallon suka zo ɗauka ba, dungu suke nema. Wani ya ce wa Rin, kyaftin ɗin namu, ya mayar da ƙafarsa ya sake cirewa a hankali, wai bai kama na farko da kyau ba. Rin ya cire ya miƙa masa, ya ce ya tafi da ita gida ya yi ta ɗauka har ya ƙoshi. Shi Rin a ɓangaren Khmer Rouge ya yi yaƙi, an kwashe shi tun bai yi gemu ba, shi ma nakiya ce ta ɗauke masa ta hagu. Kullum yana tsokanar Bong Savuth cewa mai yiwuwa shi ne ya binne wadda ta tashi da shi, Bong Savuth kuma ya ce ai ba mamaki, aikin rago ne, ko ƙarasa shi ba ta iya ba. A haka suke cin shinkafa da daddawar kifi a kwano ɗaya.

Suka yi ta ci har suka kai wasan ƙarshe da Kolombiya, amma a ragargaje suka kai. Ɗaya dungunsa ya kumbura ya yi ruwa, aka hana shi. Wani zazzaɓi ya kwantar da shi. Saura shida cif, kuma shida doka ta ce a gani a fili. In aka rasa ɗaya, an miƙa wa Kolombiya kofi ke nan ba a taɓa ƙwallo ba. Mutanen nan tun da aka sallame su daga soja babu wanda ya sake kiran sunansu a lasifika, sai a wannan makon.

Ranar aka mayar da wasan sabon zauren da aka gina saboda gasar, don manya za su zo. Babu wanda ya taɓa tunanin ya kai mu ciki mu ga wurin tukuna. Muka shiga ta baya, muka wuce ɗakin canza kaya, sai wani lungu mai gangara da aka yi wa masu keke, wanda ya ɓulle tsakiyar fili. Ina tura shi, sauran suna gaba suna ɗingishi, kawai ya damƙe tayoyin da hannu biyu. Keken ya tsaya cak har mariƙinsa ya doke ni a ciki.

Ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Rufin lungun ashe ƙasan kujerun 'yan kallo ne, katako a kan ƙarfe, kuma ta tsakanin katakan kana ganin tafin silifa da gefen zannuwa. Ana buga ƙafa ana waƙa, ƙura tana zubo mana. An kwaso 'yan matan makaranta da matan kasuwa a motoci an cika wurin da su, iyalan 'yan wasanmu kuma an zaunar da su daidai saman ƙofar, don kyamara ta kama su suna hawaye in mazansu sun fito.

"Mayar da ni baya," ya ce.

Na ce masa lungun gajere ne, ya rufe ido in ruga da shi. Ya ce shi zai rufe ido, gurun ba zai rufe ba. Rin ya dawo ya kalli sama ya yi tsaki, amma bai yi gardama ba, don shi ma ya taɓa ɗaura irinsa. Ya ce in je in nemo wata ƙofa. Na zaga ginin da gudu. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ta manya, mai jan kafet da matakala, an riga an zaunar da su, wasu sojoji masu ƙafa bibbiyu sun tsare ta. Na ce musu ɗan wasa zan shigo da shi, ni zan goya shi. Babbansu ya kalli rigata ya ce wannan ƙofar ba ta masu ruwan ɗorawa ba ce. Na gaya masa magana a kan takalminsa mai ƙyalli da bai taɓa taka daji ba, ya ɗaga hannu, na bar wurin. Da na dawo na faɗa musu, Bong Savuth ya ce ko da sun buɗe, ba zai shiga a goye kamar buhun shinkafa a gaban 'yan Kolombiya ba.

A nan Visal ya iso. Shi ne babban tafintan gasar, ɗan gidan masu hali da ya yi karatu a waje, kullum cikin kwat duk zafin nan. Ya zo da alƙalin wasa da wata Baturiya, likitar da sai ta amince ɗan wasa yake shiga fili. Bong Savuth ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ɗaga riga ya nuna gurun, ya nuna sama, ya ce tranam ne. Na ga kunnen Visal ya yi ja. Ya gane sarai, babu ɗan ƙasar nan da bai san kalmar ba. Ya yi saurin jawo rigar Bong Savuth ƙasa, ya juya ya yi wa Turawan wani dogon Turanci.

Fuskar likitar ta yi laushi. Ta durƙusa a gaban keken, ta dafa kafaɗar Bong Savuth, ta fara magana a hankali irin yadda ake lallashin yaron da ya yi fitsarin kwance. Ni Turancina na titi ne, amma akwai kalma ɗaya da na sani, don ita 'yan yawon buɗe ido suke ihu da ita in na kutsa tsakanin manyan motoci biyu. Na ji ta a bakin Visal, na sake jin ta a bakin likitar.

"Me ka gaya mata?" na tambaye shi.

"Pu, bar ni in yi aikina."

"Ka ce mata tsoro yake ji."

Ya matso kusa da kunnena. Ya ce ya gaya musu lungun ne ya tuna wa mutumin ramin yaƙi, buga ƙafar da ake yi ta zame masa ƙarar bindiga, sai firgici ya kama shi. Ya ce wannan Turawa suna ganewa, har suna girmama shi. In kuwa ya ce musu guru ne da zanin mata, gobe duniya za ta yi ta yi da mu, a ce an kai gasa ƙasar 'yan daji.

Ƙaryar tasa ba ta tsaya nan ba, don likitar ta miƙe ta ce mutumin da ke cikin wannan hali ba za ta bar shi ya shiga fili ba, a kai shi ɗaki mai shiru ta duba shi. Rin ne ya tilasta Visal ya fassara mana. Ban taɓa ganin fuskar Bong Savuth haka ba, ko ranar da aka dawo da shi ƙauye a bayan amalanke.

"Gaya mata," ya ce wa Visal, "na wuni kwance tsakanin gawar abokaina biyu, na ɗaure cinyoyina da ɗamarar bindiga da hannuna. Ta tambayi wanda ya ɗauko ni ko ya ji muryata."

Visal ya kalli ƙasa, bai fassara ba. Na cafki wuyan kwat ɗinsa, kuma da Rin bai maƙale mini hannu ba da na haɗa kansa da bango. Sai na ce bari in yi wa likitar bayani da kaina. Na nuna ƙuguna, na nuna sama, na kwatanta zanin mace da hannu, na nuna tsakanin ƙafafu. Matar ta ja da baya, ta kalle ni kamar ɗan iskan tasha. Na ƙara ɓata abin ke nan. Alƙalin ya ƙwanƙwasa agogonsa da yatsa. Ta bakin lungun ina hango 'yan Kolombiya sun riga sun zauna a fili suna ɗumama hannu.

Rin ya fi ni hankali. Ya sa Visal ya roƙi likitar cewa in mutumin ya ratsa lungun da kansa, ta bar shi ya buga. Ta yarda. Sannan Rin ya juyo ya ce mini in rabu da Turawa, in hau sama in tashi matan.

Na hau. Hayaniyar wurin ba ta barin ka ji muryar kanka. Wadda na fara gani wata mai sayar da taliyar shinkafa ce a babbar kasuwa, na sha kai mata kaya. Na sunkuya na ce mata akwai tsohon soja a ƙasa da guru, tranam ya tsare shi. Ban ƙara ko kalma ba. Ta miƙe ta tattare zaninta, ta fara dukan kafaɗun 'yan matan da ke gefenta, kalmar ta bi layi daga baki zuwa baki. 'Yan makarantar suna ƙyalƙyala dariya amma suna tashi, don kowace tana da uba ko kaka mai irin wannan. Akwai Turawa mata biyu a ciki, da suka ga kowa ya miƙe su ma suka miƙe suna tafi, sun ɗauka wata al'ada ce. Masu kyamara suka fara zagi an ɓata musu hoto. Shugaban 'yan sa-kai yana ta kiran sunana daga ƙasa, ban ko kalle shi ba. Kafin ka ce me, kujerun da ke saman lungun sun zama fayau, mata sun yi cirko-cirko a gefe biyu.

Saura mutum ɗaya a layin gaba, daidai saman bakin ƙofar. Ta sa sabon zani, ta yafa gyalen krama a wuya, jaka a kan gwiwa.

"Bong Yim, tashi. Shi ne a ƙasa."

"Na sani."

"To tashi mana."

"An ba ni kujera, na zauna."

Na ɗauka ba ta gane ba ne, na fara yi mata bayanin mutum shida da kofi da alƙali mai agogo. Ba ta kalle ni ba, fili take kallo. Da na gama sai ta tambaye ni yaushe rabon da ta hau gidan uwarmu.

Gidan a kan ginshiƙai yake kamar na kowa a ƙauyen. Tun da aka dawo da Bong Savuth ba ya iya hawa tsani, sai aka yi masa gado a ƙarƙashin gidan tsakanin ginshiƙan. Muddin yana ƙasa ita ba ta hawa sama, shi kuma kullum yana ƙasa. Na san wannan, a gidan aka haife ni, amma na saba ganinsa har na daina gani. Ta ce a ƙarƙashin gidan ta haihu, kusa da turken saniya. In ruwa ya cika fili a kan tebur take kwana, ɗakin uwarta yana sama a bushe jemagu suna kashi a ciki. 'Yarsu ta girma ba ta taɓa leƙa taga daga sama ba, shi ya sa da ta samu hanyar babban birni Phnom Penh ba ta waiwayo ba. Wanki a kan ƙaya take shanya shi, zannuwanta duk huda. Duk wannan a hankali ta faɗe shi, kamar tana gaya mini farashin kifi.

"Ni na ɗauke shi, ni na wanke shi, ban taɓa ce masa komai ba. Yau an kawo ni a mota an ɗora ni a nan, ina ganin tsakiyar kan mutane. Ka zo ka ce in sauka."

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na ce mata duk shekarun nan ba ta samu ranar yin wannan ba sai yau, da mutum biyar ke jira da ƙafafunsu a hannu. Na ce in tana da faɗa da mijinta ta bari su koma gida.

"A gida ba ya bukatar wucewa ko'ina," ta ce. "Kai kuma, ba kai ne mai cewa gurun rabin aiki ya yi ba? Yaushe ka zama ɗan aikensa?"

Mai taliyar ta matso tana roƙonta, tana cewa 'yar'uwa kada ki kashe mijinki da kanki. Yim ta ce mutumin da nakiya ta kasa kashewa, in zaninta ne zai kashe shi, to a gani. Na miƙa hannu zan ɗaga ta da ƙarfi. Ta kalli hannun kawai, irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando, na janye shi.

"Je ka gaya masa ni ce," ta ce. "Kada ka ce wata ce ta ƙi tashi. Ka faɗa masa yadda na faɗa."

Na sauko. Tun a matakala Rin ya tare ni, ya riga ya hango abin da ya faru. Ya ce in ce masa kowa ya tashi, mu wuce da shi, a yi rigimar bayan wasa. Visal ma ya sa baki, na ce masa shi ya rufe nasa, ƙarya ɗaya ta ishe mu a yini. Ko da na so yi ma ba ta da amfani. Bong Savuth yana zaune kansa a sama. Yanzu haske yana shigowa ta tsakanin katakan ko'ina, sai wuri ɗaya can bakin ƙofa inda tafin silifa biyu suka tare shi.

"Na san waɗancan takalman," ya ce. "Me ta ce?"

Na gaya masa duka, ban rage ba, har da jemagun da hudar zannuwa. Ina faɗa ina jin kamar in fasa wani abu, ban ma san da wa nake fushi ba, ita ko shi ko bokan da ya daɗe da zama ƙasa. Alƙalin ya sa usur a baki ya nufi fili. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya zauna a ƙasa ya fara mayar da ƙafarsa.

"Tura ni," Bong Savuth ya ce.

Na kama mariƙin keken, hannuna ya ƙi. Ni da na yi rabin rayuwata ina yi wa igiyar nan dariya, sai ga ni tsaye gumi yana bin bayana. Na ce masa ya kwance gurun ya ba ni, in zaga da shi ta waje in jira shi, in ya gama ya mayar.

"In na cire, gobe zan mayar, mu koma gidan jiya," ya ce. "Matsa, Kheng, kai ma ba ka da amfani."

Ya ɗora tafukansa a kan tayoyin ya fara turawa da kansa. Bai yi sauri ba. Gangara ce, da ya saki tayoyin da ta kai shi, amma ya riƙe su yana saki kaɗan-kaɗan, bayansa a miƙe. Likitar tana tafiya a gefensa tana ta yi masa magana mai daɗi da bai san me take cewa ba. Da ya zo daidai ƙarƙashin silifan na ga wuyansa ya ƙanƙame. Ƙafafun Yim ba su motsa ba. Ya wuce, ya fita cikin hasken fili, zauren ya ɗauki ihu. Likitar ta juyo tana share ido, ta riƙe hannun Visal tana jijjigawa, shi kuma yana murmushi yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi aikin. Na tofar da yawu a sabon simintinsu.

An buga wasan. Ni ina zaune a gefe cikin ƙafafun roba, ban kalli ƙwallo ba, ƙirjinsa nake kallo ko yana hawa yana sauka. Zagayen farko ya yi ta zubar da ƙwallaye a raga har Rin ya tambaye shi ko hannuwan ma a daji ya baro su. Daga nan ya dawo, ya fara duka kamar yana bin 'yan Kolombiya da wani tsohon laifi. Sun yi ta ja har zagayen ƙarshe, Kolombiya ta ci da ƙyar. Aka kira sunayen namu ɗaya bayan ɗaya a lasifika, aka rataya musu lambar azurfa a wuya. Bong Savuth bai faɗi ba, bai yi aman jini ba, ko ƙwarzane bai samu ba. Yim tana nan inda take ita kaɗai a layin, ba ta tafa ba, ba ta kuma tashi ba sai da aka gama komai.

Shugaban 'yan sa-kai ya same ni a waje ya ce na tayar da hankalin 'yan kallo, na zagi jami'in tsaro, na ci kwalar tafinta, saboda haka in ba shi rigarsu. Na cire na jefa masa, na tsaya daga ni sai singileti.

Na ɗaure keken a rufin adaidaita. Bong Savuth da Yim suka zauna a baya, shi a wannan gefe ita a wancan, azurfar tana kan cinyarsa. Na tayar da babur ɗin da ke jan adaidaitar na kama gefen titi, don in sharaɗin da ya karya zai ci shi, ba a hannuna ba. Duk motar da na hango tun daga nesa sai in sauka kan ƙasa in jira ta wuce. A mahaɗar hanya na tsaya na duba hagu da dama har na baya suka cika ni da hon. Masu keke suna wuce mu, wata tsohuwa da kwandon kaji a babur ta waiwayo ta zage ni. Rana ta fara yin ja ba mu ko kai gadar ƙauye ba.

"Kheng," Bong Savuth ya ce, "shanun can ma sun wuce mu."

Na ce wanda yake sauri ya sauka ya taka da ƙafarsa. Yim ta yi wani sauti ta hanci, ban san ko dariya ba ce. Ban waiwaya ba, idona yana kan titi.